Darasi: Falasɗinawa, 'Yan'uwanmu Na Ƙasa Mai Tsarki

Karatu: Ayyukan Manzanni 2:1-11, Romawa 15:25-27, 1 Sarakuna 21:1-19

Gabatarwa



Kowace shekara mutanenmu suna tafiya ziyara Ƙasa Mai Tsarki. Sukan dawo da ruwan Kogin Urdun a kwalba, da gicciye na itacen zaitun, waɗansu kuma har su ƙara haruffan JP a bayan sunansu. Idan ka tambaye su abin da suka gani, za su lissafa maka kogon da aka haifi Mai Cetonmu a Baitalami, da Tekun Galili, da Kabari Mai Tsarki. Amma idan ka tambayi sunan Kirista ɗaya daga cikin mazaunan ƙasar wanda suka gaisa da shi, da yawa za su yi shiru. Waɗansu ma za su yi mamaki su ce, “Ashe akwai Kirista a cikin Larabawa?”

Rashin sani ya fi dare duhu. A tsakaninmu akwai masu ɗauka cewa rikicin Isra'ila da Falasɗinu yaƙi ne tsakanin addinai, sai kowa ya zaɓi gefe bisa ga addininsa, kamar masu kallon ƙwallo. Manufar wannan darasi ita ce mu san su wane ne Falasɗinawa, mu ga kyan al'adunsu, mu ji abin da Ikkilisiya take koyarwa game da su, sa'an nan mu gane hakkin da yake kanmu.

Su wane ne Falasɗinawa?

Falasɗinawa mutane ne masu jin Larabci, waɗanda kakanninsu suka zauna a ƙasar da take tsakanin Kogin Urdun da Bahar Rum. A yau waɗansu suna Yammacin Kogin Urdun da Gabashin Urushalima, waɗansu suna Zirin Gaza, waɗansu 'yan ƙasar Isra'ila ne a garuruwa irin su Nazarat, miliyoyi kuma suna zaman gudun hijira a ƙasashen Jodan, Labanan da Siriya, da sauran sassan duniya. Galibinsu Musulmi ne, amma a cikinsu akwai Kirista: Katolika, da Otodoks, da Angalikan, da Lutaran.

Kada mu rikita su da Filistiyawa na Tsohon Alkawari, mutanen Goliyat. Gaskiya ne sunan ƙasar ya samo tushe daga wancan tsohon suna, gama Romawa ne suka laƙaba wa lardin sunan Falasɗinu bayan shekara ta 135. Amma Filistiyawa sun ɓace daga tarihi a matsayin al'umma tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Kristi. Wanda ya ɗauki labarin Dawuda da Goliyat ya ɗora a kan yaron da ke Gaza a yau ya yi wa Maganar Allah rashin adalci.

Kiristocin ƙasar kuwa ba mishan ne suka kawo musu bishara ba. Su ne zuriyar Ikkilisiyar farko. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci Larabawa cikin waɗanda suka ji wa'azin manzanni a ranar Fentikos. Daga wannan ƙasa bishara ta fita, ta bi ta Roma da Turai, kafin ta iso gare mu. Idan ka shiga Misa a Baitalami, kunnenka zai kama kalmomin da ka sani: Allah, da Almasihu, da Ruhu, da Linjila, gama Hausa ta aro su daga Larabcin da suke addu'a da shi.

Akwai kuma wata dangantaka da mutane kaɗan suka sani. A tsohon birnin Urushalima, kusa da Masallacin Ƙudus, akwai wata ƙaramar unguwa ta baƙaƙen fata waɗanda kakanninsu suka fito daga Nijeriya, Cadi, Sudan da Senegal. Sun je ibada ne suka zauna, zuriyarsu kuwa Falasɗinawa ne a yau.

Yadda wahalar ta faro

Har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙasar tana hannun Turkawa. A shekara ta 1917 Ingila ta yi alkawarin goyon bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, ta kuma karɓi mulkin ƙasar bayan yaƙin. Yahudawa sun sha tsanani na ɗaruruwan shekaru a Turai, sau da yawa a hannun Kirista, har ya kai ga kisan mutum miliyan 6 a zamanin Hitila. Wannan babban zunubi ne wanda ba za a manta da shi ba. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar raba ƙasar biyu. Shugabannin Yahudawa suka karɓa, na Larabawa suka ƙi. A 1948 aka kafa ƙasar Isra'ila, yaƙi ya ɓarke, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka gudu ko aka kore su daga gidajensu, ba a kuwa bar su sun koma ba. Suna kiran wannan Nakba, wato babbar masifa. Har wa yau akwai iyalai a sansanonin gudun hijira da suke adana mabuɗan gidajen kakanninsu.

Labarin ƙauye ɗaya zai taimake mu mu gane. Ikrit ƙauyen Katolika ne a Galili. A ƙarshen 1948 sojoji suka umarci mutanensa su fita, aka ce musu na mako biyu ne. Makonni suka zama shekaru. A 1951 Kotun Ƙolin Isra'ila ta yanke hukunci cewa suna da ikon komawa, amma a jajiberin Kirsimeti na wannan shekara sojoji suka rushe gidajen. Coci da makabarta ne kaɗai suka rage. Jikokinsu suna zuwa yin Misa a cocin, suna binne matattunsu a makabartar, amma ba a yarda su sake gina ƙauyen ba.

A yaƙin 1967 Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Urdun, da Gabashin Urushalima, da Gaza. Yarjejeniyar Oslo ta 1993 ta kawo begen zaman lafiya, amma ba ta kai ga cika ba. An ci gaba da gina matsugunan Yahudawa a ƙasar da aka mamaye, an kuma yi ta kai hare-haren ƙunar baƙin wake a biranen Isra'ila. Daga 2002 aka fara gina katangar da ta raba Baitalami da Urushalima, garuruwa biyu da tsakaninsu bai wuce kilomita 10 ba. Kiristan Baitalami ba ya iya zuwa Kabari Mai Tsarki sai da takardar izinin soja, alhali mai ziyara daga Nijeriya yana wucewa cikin mota. A 2024 Kotun Duniya ta bayyana ra'ayinta cewa ci gaba da mamayar ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa.

Waɗannan wahaloli sun sa Kirista suna ta ƙaura. A ƙidayar 1922 kusan mutum ɗaya cikin goma na mazaunan ƙasar Kirista ne. A ƙidayar 2017, Kiristocin Yammacin Kogin Urdun da Gaza kimanin 47,000 ne, wato wajen ɗaya cikin ɗari. Zuriyar Baitalami da ƙauyukanta da ke ƙasar Cile a Kudancin Amurka sun fi waɗanda suka rage a gida yawa.

Ikkilisiyar Iyali Mai Tsarki a Gaza

A ranar 7 ga Oktoba, 2023, mayaƙan Hamas suka kai hari cikin Isra'ila, suka kashe mutum kimanin 1,200, galibinsu farar hula, suka kuma kwashi kimanin 250 suka yi garkuwa da su. Ikkilisiya ta yi tir da wannan mugunta. Kadinal Pizzaballa, Fatriyak na Urushalima, ya ce a shirye yake ya ba da kansa a madadin yaran da aka kama. Yaƙin da ya biyo baya ya ragargaza Gaza, ƙaramin ziri mai tsawon kilomita 41 inda mutane fiye da miliyan 2 suke zaune. Zuwa ƙarshen Yuli 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙidaya matattu fiye da 60,000, da yawansu mata da yara ne. Yunwa ta shiga, asibitoci suka rushe. A watan Oktoba na 2025 aka ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta.

Kafin yaƙin Kiristocin Gaza kimanin 1,000 ne, cocin Katolika kuwa ɗaya ne tak, na Iyali Mai Tsarki. Ɗaruruwan mutane suka fake a harabarsa, har da yara naƙasassu da sistocin Mama Teresa suke reno. A Oktoba 2023 bom ya faɗa harabar cocin Otodoks na Waliyyi Forfiriyus, mutum 18 suka mutu. A Disamba na wannan shekara aka harbe wata dattijuwa da 'yarta a harabar Iyali Mai Tsarki. A ranar 17 ga Yuli, 2025, harsashin igwa ya sami cocin kansa, mutum 3 suka rasu, Fada Gabriel Romanelli, limamin cocin, ya ji rauni a ƙafa. Duk da haka ba a fasa Misa da addu'ar rosari ba, kuma abincin da ya samu ana raba shi da maƙwabta Musulmi.

Paparoma Faransis yakan buga musu waya kusan kowane maraice, ya tambaye su ko sun ci abinci, ya sa musu albarka. Ya riƙe wannan hali har kusa da rasuwarsa a Afrilu 2025. Ya kuma bar wasiyya cewa motar da ya shiga a Baitalami a 2014 a mai da ita ƙaramin asibitin tafi-da-gidanka domin yaran Gaza. Uba Mai Tsarki ya nuna mana cewa zumunta a ƙafa take.

Kyan al'adunsu

Kuskure ne mu san mutane ta wurin hawayensu kaɗai. Falasɗinawa al'umma ce mai daɗaɗɗiyar al'ada, wadda kuma take haskaka mana Littafi Mai Tsarki.

Na fari, itacen zaitun. A watannin Oktoba da Nuwamba iyali duka sukan fita gona, daga kaka har jika, su shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa su tsinki 'ya'yan, a kai wurin matsa. Waɗansu itatuwan sun shekara ɗaruruwa. Sunan Gatsemani, inda Ubangijinmu ya yi addu'a, ma'anarsa wurin matse mai. Da man zaitun ake abinci, da shi ake sabulun birnin Nablus, da itacensa kuma masassaƙan Baitalami suke yin gicciye da rosari da muke saye. Saboda haka idan aka sare wa manomi zaitunsa, kamar yadda 'yan kama-wuri-zauna suke yi a lokacin girbi, an taɓa abincinsa da gadon ubansa gaba ɗaya. Taibe, ƙauyen da mutanensa duka Kirista ne, wanda ake ɗauka shi ne Ifraimu na Linjilar Yohanna 11:54, ya sha irin waɗannan hare-hare a 2025.

Na biyu, ɗinkin mata da ake kira tatriz. Yarinya takan koya daga uwarta yadda za ta yi wa doguwar riga ado da zaren alharini, galibi ja. Kamar yadda mai ido yake bambanta aska biyu da aska takwas a babbar riga, haka a dā akan gane garin mace daga adon ƙirjin rigarta, ko ta Baitalami ce, ko ta Ramalla, ko ta Gaza. Bayan 1948 matan sansanoni suka riƙe wannan sana'a, suna ciyar da 'ya'yansu da ita, suna kuma ɗinka tunawa da ƙauyukan da aka rushe. A 2021 hukumar UNESCO ta sa tatriz cikin kayan gadon 'yan Adam, a 2023 kuma ta ƙara da dabke, rawar da ake jeruwa kafaɗa da kafaɗa ana buga ƙafa a ƙasa a wurin biki.

Na uku, abinci da karɓar baƙo. Akwai musakkan, gasasshiyar kaza da albasa da man zaitun a kan gurasa. Akwai makluba, shinkafa da nama da kayan lambu, wadda ake kifar da tukunyarta a faranti gaban baƙi. Akwai kunafa, kayan zaƙi na cuku da Nablus ta shahara da shi. Da safe sukan tsoma gurasa cikin mai sa'an nan cikin za'atar, garin wani ganye mai ƙanshi haɗe da riɗi. Baƙo ba ya fita gida bai sha gahawa ba. Idan kuwa faɗa ya shiga tsakanin iyalai biyu, dattawa sukan shirya sulha, kalmar da muka aro muke cewa sulhu: a yi musafaha, a sha gahawa, a ci abinci tare, magana ta mutu.

Na huɗu, zaman tare. Mabuɗin Cocin Kabari Mai Tsarki yana hannun iyalan Musulmi biyu tun ɗaruruwan shekaru: iyalin Juda suke ajiye shi, iyalin Nusaiba suke buɗe ƙofa. Cincin na dabino da matan Kirista suke toyawa a Ista, shi ne matan Musulmi suke yi a ƙaramar salla. A Jami'ar Baitalami, wadda Ikkilisiyar Katolika ta buɗe a 1973, yawancin ɗalibai Musulmi ne. Mu da muke zaune da maƙwabta Musulmi, muka kuma ɗanɗana ɗacin rikici, muna da abin koyo a nan.

Ƙasar ta kuma haifi tsarkaka a zamaninmu. A ranar 17 ga Mayu, 2015, Paparoma Faransis ya sa mata biyu Falasɗinawa cikin waliyyai: Maryam Bawardi, 'yar wani ƙauye a Galili, wadda ta kafa gidan sistocin Karmel a Baitalami ta rasu a 1878, da Mari Alfonsin Gattas ta Urushalima, wadda ta kafa ƙungiyar Sistocin Rosari masu koyar da 'yan mata, ta rasu a 1927.

Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Wani zai ce, “Ai Allah ya ba Isra'ila ƙasar, mene ne namu a ciki?” Tambaya ce mai nauyi, sai mu amsa da hankali. Ikkilisiya tana girmama Yahudawa ƙwarai. Yesu, da Budurwa Maryamu, da manzanni duka Yahudawa ne. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta koyar cewa Allah bai janye ƙaunarsa daga gare su ba, ta kuma haramta ƙiyayyar Yahudawa ta kowace hanya. Takardar nan ɗaya ce ta yi magana da ladabi game da Musulmi. Amma Ikkilisiya tana bambanta al'ummar Yahudawa a cikin shirin Allah da gwamnatin ƙasar Isra'ila, wadda ake auna ayyukanta da ma'aunin adalci kamar kowace gwamnati. Annabawan Isra'ila da kansu haka suka yi. Sa'ad da Sarki Ahab ya ƙwace gonar inabin Nabot, annabi Iliya bai ce sarkin Isra'ila ne a ƙyale shi ba, ya je ya tsauta masa. Littafin Firistoci sura 19 kuma ya umarci Isra'ilawa kada su zalunci baƙon da ke zaune a cikinsu. Alkawarin Allah bai taɓa zama izinin zalunci ba.

Saboda haka Fadar Paparoma ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila a 1993, ta kuma ƙulla da Ƙasar Falasɗinu a 2015. Matsayinta shi ne al'ummai biyu su zauna a ƙasashe biyu cikin aminci da iyakoki sanannu, Urushalima kuma ta sami matsayi na musamman da duniya za ta lamunta, domin Yahudawa da Kirista da Musulmi su yi ibada ba tsangwama. Nijeriya ma ta amince da Ƙasar Falasɗinu tun 1988. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci sansanin gudun hijira na Daheshe a 2000, Benedik na Sha Shida ya je na Aida a 2009, Faransis kuwa a 2014 ya tsai da motarsa ya jingina goshinsa a katangar Baitalami ya yi addu'a. Goyon bayan Falasɗinawa ba ƙin Yahudawa ba ne, ba kuwa yarda da ta'addanci ba ne. Uwar da ta rasa ɗanta a Isra'ila da wadda ta rasa nata a Gaza, hawayensu ɗaya ne a gaban Allah.

Hakkin da yake kanmu

Manzo Bulus ya bi ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya yana tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Dalilinsa shi ne, al'ummai sun ci bashin albarkar ruhaniya daga can, ya wajaba su biya da abin hannunsu. Wannan bashi yana kanmu har yanzu. A 1974 Paparoma Bulus na Shida, wanda ya ziyarci ƙasar a 1964, ya ƙarfafa baikon Jumma'a Mai Kyau domin Ƙasa Mai Tsarki. Kashi mafi girma yana zuwa hannun 'yan ɗariƙar Waliyyi Faransis, waɗanda aka danƙa wa kula da wurare masu tsarki tun 1342. Da shi ake riƙe makarantu, ake gyara wa iyalai gidaje a tsohon birnin Urushalima, ake taimakon marasa lafiya, domin kada majami'u su zama kango ba masu sujada.

Mu ma muna da namu 'yan gudun hijira da namu ƙonannun ƙauyuka, kuma aljihu ba nauyi. Amma ikkilisiyoyin Makidoniya ma matalauta ne sa'ad da suka bayar, kuma wanda ya taɓa kwana a sansani shi ya fi kowa sanin zafin rasa gida. Ga abubuwa huɗu da kowa zai iya yi. Mu ba da baikon Jumma'a Mai Kyau da zuciya ɗaya. Mu ambaci Falasɗinawa da Isra'ilawa a addu'ar masu bi da rosarin iyali. Mu tsare bakinmu daga murna da mutuwar kowa, mu kuma daina yaɗa saƙonnin ƙiyayya a waya. Masu zuwa ziyara kuma su roƙi jagoransu a yi Misar Lahadi tare da ikkilisiyar gari, su sayi tsaraba daga hannun masassaƙan Baitalami, waɗanda kasuwarsu ta mutu sa'ad da aka soke bukukuwan Kirsimeti a 2023 da 2024.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Kafin wannan darasi, me nake ɗauka game da Falasɗinawa? Daga ina na samo wannan ra'ayi?
2. Me labarin Nabot yake koya mana game da ƙasa, da iko, da adalci?
3. Ta yaya za mu ƙaunaci Yahudawa da Falasɗinawa gaba ɗaya ba tare da mun ɓoye gaskiya ba?
4. Wane shiri ƙungiyarmu za ta yi domin baikon Jumma'a Mai Kyau mai zuwa?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka zaɓi Baitalami ta zama mahaifar Ɗanka, ka dubi mazaunan ƙasar da ƙafafunsa suka taka. Ka ta'azantar da masu makoki, ka ciyar da mayunwata, ka komar da korarru gida. Ka ƙarfafa 'yan'uwanmu Kirista su tsaya da aminci. Ka ba shugabannin Isra'ila da na Falasɗinu zuciyar adalci, mu kuma ka tsarkake zukatanmu daga ƙiyayya. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyyiya Maryam Bawardi da Waliyyiya Mari Alfonsin, ku yi addu'a dominmu.